Baƙon Zauren Jimrau

"Baba, wane gari za mu aika a faɗa?" in ji Mushe Sallau, malamin makaranta. Ya sunkuya bisa tabarmar har gilashinsa ya zamo kan hanci.

Tsohon ya buɗe ido da ƙyar. "Kai ma korata za ka yi?"

"Subhanallahi! Wa ya ce haka?"

"To ba ni ruwa."

Majo na asibiti ya riga ya zo da hantsi, ya cire ƙarin ruwan, ya ce a nemo dangi tun yau. Sallau ya gyaɗa kai kamar mai dangin a aljihu.

Shekara sha bakwai ke nan da tsohon ya shigo Dakoro ranar kasuwa, da shanu huɗu masu haƙarƙari a waje. Jimrau dillali, maƙwabcin Sallau, ya sauke shi a zaure. Shanun suka ƙare, shi bai tafi ba. Jimrau kuwa bai taɓa tambayarsa sunansa ko garinsu ba, don a gidansu tambayar baƙo inda ya fito daidai take da nuna masa hanya. Jimrau ya rasu, 'ya'yansa suka koma Maradi, tsohon ya ci gaba da tufkar igiya a zauren. Unguwa duka Baƙo take ce masa.

Abin da ke cin Sallau shi ne, Ingilishi yake koyarwa a kolej. Duk shekara sai ya cika allo da tarihin kalmar da Ingilawa ke kiran baƙo da ita: wai tushenta ɗaya da na mai masauki, can baya kuma tana nufin mutumin da ba a sani ba. Yara su kwafa, shi ya koma gida yana jin kansa masani. Ga shi kullum la'asar yana shan shayi da mutum, bai san ko yana da ɗa ba.

Dela, matar Sallau, ta shigo da kunu. "Mushe, ya faɗa?"

"Bai faɗa ba."

"Kai da ka san asalin maganar Turawa?"

"Dela, don Allah."

Ta durƙusa. "Baba, ina ne hurarsu ta fi tamu daɗi? In dama maka irinta."

Tsohon ya yi ɗan murmushi. "Wayo gare ki, ɗiyata. Taku ta ishe ni."

Sallau ya bi kasuwar dabbobi rumfa-rumfa yana tambayar asalin tsohon. Wani ya ce daga wajen Korahane yake. Intalla mai raƙuma ya ce a'a, lafazinsa na arewa ne. Kowa ya sayi igiyarsa, ba wanda ya san rijiyar da ya sha yana yaro. Kafin ya dawo, tsohon ya cika, Dela ta ja mayafi ta rufe masa fuska.

Bayan azahar liman ya tsaya gaban gawa, ya waiwayo. "Wa ke da mamaci?"

Sallau ya duba dama, ya duba hagu, sannan ya ɗaga hannu rabi, kamar ɗalibin da bai yi bita ba.

Kwana uku aka yi zaman makoki a ƙofar zauren. Ya sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakiya, wurin dangi, shi ya zauna a bakinta. Inuwar itacen bedi ta hau tabarmar, ta ƙetare, ta sauka.