Kujerar Alhaji Bature

Halilu ya daɗe yana aikin malamin asibiti a ɗakin shan magani na Gwashi. Shi ne mai allura, shi ne mai wanke miki, har a rugage an san hannunsa.

A bazarar da sanƙarau ya ɓarke, wani makiyayi mai suna Gidaɗo ya kawo 'yarsa Hamsatu a kafaɗa, wuyanta ya sandare. Magani ya ƙare. Halilu ya aika saƙo garin Gummi a turo motar asibiti, ya zauna yana jiƙa mata goshi yana sauraren hanya. Motar ba ta zo ba. A kan cinyarsa yarinyar ta cika.

Tun daga nan, ko iska ce ta kaɗa kara sai ya miƙe, yana zaton ƙarar inji ce. Gidaɗo kuwa duk ranar kasuwa sai ya zo ya zauna a gindin tsamiyar asibitin, ba ya neman magani.

Bayan shekara biyu Alhaji Bature, shugaban sashen lafiya na Gummi, ya zo da kansa. Ya ce zai yi ritaya, kuma Halilu yake so ya gaje shi.

Halilu bai yi godiya ba. Ya ce, "Alhaji, don mi mota ba ta zo ba ran nan?"

Bature ya ce, "Mota guda muke da ita. Saƙo uku suka iske ni da safiyar ranar, na tura ta inda mutane suka fi yawa. Ko yau haka zan yi." Ya ƙara da cewa, "Kai ka ga fuskarta, Halilu. Ni ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikin waɗanda na bari ba, amma ba su bar ni ba. Wanga aiki ke nan. Ka yi tunani."

A gida matarsa Hure ta ce, "Malam, a nan kana da waɗanda kake warkarwa, su suke sanyaya maka rai. Can mi zai sanyaya maka?"



Ranar kasuwa Halilu ya je ya zauna kusa da Gidaɗo, ya gaya masa komai. Gidaɗo ya daɗe yana zana ƙasa da sandarsa, sannan ya ce, "Wanda ke zaune can bai san inda rafinmu ke cika ba, bai san sunan kowa ba. Kai ka sani. Tai ka karɓa, Malam."

"In wata rana na tura motar wani gari fa?"

"To ka tura. Amma kai ka san wa ka bari."

Halilu ya karɓi aikin. Ya miƙa wa Ɗanmusa, sabon malamin da aka turo, makullin ɗakin magani, ya kwashe iyalinsa zuwa Gummi. Ya yi ta kai kuka Sakkwato har aka ƙara masu mota ta biyu, ita ma ba ta isa ba. Bai sake yi wa kowa allura ba.

Hure ta lura da cewa ba ya dawowa gida da an tashi aiki. Wata rana ta bi ta asibitin garin za ta dubo wata maƙwabciya, sai ta hange shi tsaye a bakin ɗakin yara, hannuwansa a baya, yana kallon ma'aikaciya tana neman jijiya a hannun wani jariri. Bai shiga ba. Ita ma ba ta kira shi ba.