Labulen Kaka Ya Zama Ƙwayar Cuta

Jan labule ne mai kauri, shi ke rataye a ƙofar ɗakin da Kaka take gugar kayan mutane. Jikarta, wadda take kira Takwara don sunansu ɗaya, ta zo ta ce a ara mata shi, wai za su yi wasan kwaikwayo a makaranta kan ƙanjamau, malamin kimiyya ya ce a samo jan yadi. Kaka ta kwance ta ba ta, ta ce a dawo mata da kayanta yadda ta bayar.

Aka dawo da shi da ƙaton rami a tsakiya, daidai inda kai zai shiga, an bi jikinsa kaf an ɗinka masa murafen kwalba. Ko iska ta kaɗa sai ka ji kacau-kacau. Kaka ta kalli ramin, ramin ya kalle ta, ta haɗiye maganarta don ilimi aka ce.

Sai kuma Takwara ta daina zuwa makaranta. Yau ciki, gobe kai, jibi ƙafa.

"Ke wannan ciwon naki talla yake yi ne, kullum sabon layi?" in ji Kaka. "Zauna nan ki faɗa min gaskiya, kafin in goge ki da dutsen gugar nan."

Yarinya ta fashe da kuka, magana ta fito. Ashe ita aka ba wa matsayin ƙwayar cutar a wasan, don ta fi kowa doguwar ƙafa. Malamin kimiyya kuwa saurayi ne mai kunya kamar me. Da aka zo wajen nuna yadda ake kamuwa, ga shugabar makaranta zaune a gaba, ga iyaye, sai ya ce a sauƙaƙa: duk wanda ƙwaya ta dafa wa kafaɗa, ya zube ƙasa ya zaro harshe. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki, aka yi tafi. Washegari lokacin tara yara suka mai da shi wasan guje-guje, ita ce dodon. Daga nan wasa ya daina kama da wasa. Sunanta ya koma Ƙwaya. Bencinsu na mutum uku ya zama nata ita kaɗai, har aminiyarta Mai Wushirya ta kwashe littattafanta ta koma baya. Kofin da ke kan bokitin ruwan aji, in ta sha sai wani ya wanke, da farko ana dariya, daga baya ba dariyar.

Kaka ta kife dutsen guga. Ta zura kanta cikin ramin labulen a kan mayafinta, don shugabar ta gani da idonta girman ɓarnar, kada a ce tsohuwa ta ƙara gishiri. Ta ɗauki sandarta, ta ja hannun Takwara.

"Kaka, don Allah ki cire, mutane na kallo!"

"Su kalla, ido nasu ne."

Suka isa ana tsakiyar tara, filin makaranta cike da yara. Mai gadi ya tare ƙofa. "Iya, ina zuwa haka? Sai an..." Kaka ta dafa kafaɗarsa don ta matsar da shi gefe. Wata 'yar aji ɗaya ta ƙwalla ihu: "Ta taɓa Baba mai gadi! Ya mutu!"

Wayyo, zo ka ga gudu! Fili ya watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Kaka ta ce, au, ni ma guduna kuke yi, 'ya'yan marasa kunya? Ta tattare zani ta bi su, murafen kwalba na kacau-kacau, gwiwar da take cewa ta mutu tun bara ta tashi da rai. Duk wanda ta cafko sai ya bi dokar wasa, ya zube ya zaro harshe yana shure-shure. Ta kashe wani ƙato mai gemu-gemu a gindin famfo. Ta kashe 'yan mata a jere a bakin ofis. Wani malami ya fito da alli a hannu yana tambayar lafiya, ta dafa shi, yara suka ce sai ya faɗi, ya ƙi, suka yi masa ihu. Kaka ta ji dariya na neman ƙwace mata, ta danne ta da ƙyar, don ba dariya ta zo yi ba.

Shugaba ta sa aka kaɗa ƙararrawa, matattu suka tashi suna kaɗe ƙura, aka yi layi. Aka kawo wa Kaka kujera ta ƙi zama.

"Hajiya, wa ya ba da umarnin a mai da min jika dodo? Ya fito in gan shi."

Malamin kimiyya ya fito yana gyara wuyan riga. "Iya, ki yi haƙuri, wallahi shirin ya yi nasara. Mun yi musu jarrabawa, duk sun ci. Bari ki ji." Ya juya. "Yara, ana ɗaukar ƙanjamau ta gaisawa?"

"A'aaaa!"

"Ta kofin shan ruwa?"

"A'aaaa!"

"To uban wa kuke wanke wa kofi?" in ji Kaka. Ta juya wajen malam. "Ɗana, ni ban yi boko ba. Ka gaya min inda ba a ɗauka. Ta ina ake ɗauka?"

"Akwai reza, Iya. Akwai allurar da wani ya yi amfani da ita. Akwai jini. Uwa ma kan iya sa wa jariri."

"Sai me?"

"Sai... sauran hanyoyi."

"Hanyar kasuwa ko ta tasha?"

Layin baya ya fara ƙyalƙyala. Gumi ya keto wa malam har ta bayan kunne, ya kalli takalminsa kamar yau ya saye shi. Kaka ta ce, "Kai ka ji kunya, ita ta kwana da kuka. Kunyar taka jikata ce za ta ɗauka maka?"

Shugaba ta cire tabarau ta matso. Ta faɗa da baki, ba kwana-kwana: kwanciyar namiji da mace ba tare da kariya ba, in ɗaya na ɗauke da cutar, nan ne aka fi kamuwa. Ta ce mai ɗauke da ita ba ya zubewa ya zaro harshe, akwai gwaji, akwai magani, yana shan abinsa ya tafi aiki. Can sai ƙaton nan mai gemu-gemu ya ɗaga hannu yana tambayar askin shago, wata ta ce kitso fa, wata ta rufe fuska da littafi ta yi tata tambayar ta bayansa. Hannuwa suka yi ta tashi, har mai gadi daga bakin ƙofa.

"Ku dakata, ban gama ba," in ji Kaka. Ta zare labulen ta zura wa malam a wuya, kacau! "In za a sake wasan, kai ne ƙwaya. A kawo min kofin ajin nan."

Aka kawo cike da ruwa. Ta miƙa wa Takwara, wadda ke maƙale bayan mai gadi tun ɗazu. Yarinya ta kurɓa, ta miƙa kofin gaba ba ta kalli kowa ba. Kofi ya tsaya a iska. Kaka ta fara juya sandarta, a ranta tana zaɓen wanda za ta fara da shi.

Sai Mai Wushirya ta fito daga layi ta karɓa, ta leƙa ciki. "Ke Takwarar Kaka, ɗan wannan kika rage min? Marowaciya!" Ta shanye tas, ta goge baki da bayan hannu. Fili ya ɗauki ihu da tafi, malam na tsaye cikin labule yana tafa nasa, murafe na amsawa.

Washegari Takwara ta tafi makaranta ba ciki ba kai ba ƙafa. Ta dawo tana mita, wai Mai Wushirya ta dawo bencin har da jawo wasu, yanzu ko gwiwar hannu ba ta da inda za ta sa, kuma sai tambayarta suke ko Kaka za ta sake zuwa.

Za ta sake zuwa mana. Sunan bai mutu ba, gida ya canja: in ta fito kai guga sai yaran layi su yi ta "Kaka Ƙwaya!" suna zubewa tun kafin ta iso. Wannan bai dame ta ba. Labule dai malam ya aiko da shi, an cire murafen, amma ramin yana nan, maƙwabciya har leƙo kai take yi ta ciki ta yi sallama. Shugaba ta ce za a duba batun biyan labulen. Kaka ta riga ta jingina sandarta a bakin ƙofa.