Jar Kujerar Dogo

Da gudu na faɗa gida, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya na baro shi a bakin ƙofa.

"Inna! Biza ta fito! Albashin wata ɗaya a can ya fi abin da nake samu a walda wata biyar!"

Inna ta ɗago daga wanki. "To a can wa zai rufe maka abinci? Nan da la'asar ka kulle shago, ka tafi ƙwallo, ka dawo ka cika ni da surutu."

"Ƙwallo ce za ta gina mana gida?" Na miƙa mata waya. "Dubi Dogo. Tare muka bar makaranta, yau ga falonsa!"

A hoton, abokina Dogo ya kishingiɗa kan wata jar kujera, fitilu na zuba masa haske. Ƙanena ya leƙo ta kafaɗata, baki sake.

"Yaya, ka tafi da ni, ko goge takalmi in riƙa yi maka."

A satin na sayar da injina na walda. Ko ciniki ban tsaya yi ba.

*

Dogo ya tare ni a filin jirgi. Ya rame, amma muka rungume juna muna ihu. Tituna fes, gine-gine har wuyana ya ƙage.

"Mutumina, kai ni falon nan in miƙe ƙafa!"

Ya yi dariya. "Gobe, a wurin aiki."

Ɗakinmu gadaje ne hawa-hawa, sai warin safa. Ya nuna mini na sama. "Naka ne da dare. Da rana na wani ne, kada ka bar kaya a kai."

Washegari na ga kujerar, a bayan gilashin shagon kayan ɗakin da muke yi wa dako. Manaja na fita cin abinci ma'aikata suka yi layi. Kowa ya tuɓe rigar aiki, ya ari agogon Dogo, ya kishingiɗa a kai, a ɗauke shi hoto.

"Kuɗin gaskiya ne," in ji Dogo, "lokacin cin su ne babu. Taho, an zo kanka. Inna na jira."

Na zauna. Wallahi laushi kamar auduga. Na washe baki har kunne, aka ɗauke ni hoto, na tura gida.

Ban gama mayar da riga ba waya ta yi ƙara. Ƙanena ne.

"Yaya! Na gani! Daga yau ni da makaranta sai a lahira, fasfo zan nema!"

Manaja ya turo ƙofa. Na sunkuya na shafe gurbin da na bari a kan kujerar.