Hannun Baba a Kan Sitiyari

Malama tana ɗaure wa 'yarta igiyar takalmi a ƙofar gida, sai mahaifinta ya jefo mata tambaya daga cikin bas. Wata kalmar Turanci ya furta, ya kakkarya ta kamar mai tauna ƙashi.

"Karkarwa ke nan, Baba," in ji ta. "Rawar jiki."

"Ta mutum ko ta kaya?"

"Duka. Ganye in iska ta kaɗa shi, murya in mutum zai yi kuka, hannu in sanyi ko tsoro ya kama shi. A ina ka ji ta?"

"A rediyo."

Rediyo! Mutumin da ko sallama aka yi da Turanci sai ya murɗe tasha yana tsaki, yau shi ne mai tsintar kalmomi? Ruwa ba ya tsami banza. Baba shi ne direban bas ɗin makarantar da take koyar da Turanci, kuma kullum da safe ita da 'yarta ne farkon shiga. Ta saba zama can baya tana tsawata wa yara, amma yau ta zauna daf da ƙeyarsa.

Da hannun dama kaɗai yake tuƙi, na hagu yana danne ƙarƙashin cinyarsa. Sai in zai sauya giya yake zaro shi ya ɗora a sitiyari, ya yi maza ya mayar. Ta ga kamar yatsun suna rawa. To, amma wannan tsohuwar mota komai nata rawa yake, gilashi, kujeru, har kumatun yaran da suke ɗauka a hanya. Ta ce wa kanta zargi ne kawai. Zuciyar ba ta yarda ba, sai ma ta shiga tono mata abubuwa. Yaushe rabon Baba ya sha shayi a gaban mutane? Yaushe ya daina sa riga mai maɓalli? Ran nan da ya ce ta'aziyya ya je, wace ta'aziyya ce ake dawowa daga ita da auduga manne a gwiwar hannu?

Lokacin tara ta haɗa shayi, ta cika kofi maƙil da gangan, ta kai masa inuwar da suke hira da maigadi.

"Ajiye nan, ya huce," in ji Baba.

"Ai ba zafi, Baba. Karɓi."

"Na ce ajiye. Yau kuma ni ake yi wa jarrabawa?"

Ya yi dariya, amma maigadi bai taya shi ba. Kansa ya sunkuyar yana gyara zaman takalminsa, takalmin da ba abin da ya same shi. Ashe har maigadi ya sani, ita da suke kwana gida ɗaya ce baƙuwa.

Ta tafi ofishin shugabar makaranta, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, ta tsaya. In ta faɗa, yau Baba zai ajiye makulli, kuma tun rasuwar Inna motar nan ce take tashinsa da safe. Ita za ta tona wa ubanta asiri a kan abin da ba ta ma tabbatar ba? In kuma ta yi shiru, mota cike da 'ya'yan mutane ce take ratsa babban titi safe da yamma. Ta ji tsoro, ta ji kunya, ta koma aji ba ta ƙwanƙwasa ba.

Da aka tashi, yara suka yi wa bas caa, kowa na rige-rigen taga. 'Yarta ta sa ƙafa a matakala, Malama ta damƙe hannunta.

"Yau tasi za mu hau. Zan biya kasuwa."

"Ni dai motar Kaka nake so!"

"Wuce, na ce."

Baba ya leƙo ta taga. "Amaryata, yaji za ki yi mini? Me na yi?"

Yarinyar ta yi dariya. Malama ba ta iya ɗaga ido ba. Ta san kasuwar nan ƙarya ce, shi ma ya sani, don jiya-jiya shi ya sauke mata cefane a ƙofar gida. Ya daɗe yana kallonta, injin na ta kaɗa motar. Sannan ya ɗaga kai ya dubi madubi, inda yara suke ta ture-ture da waƙe-waƙe a bayansa.

"Ke kin cire taki," ya ce a hankali. "Waɗannan fa? Ba su da iyaye?"



Baba ya kashe mota. Ya zare makulli, ya sauko, ya miƙa mata da hannun hagu a gaban kowa, makullan suna ta ƙara a tsakanin yatsunsa.

"Kai wa shugaba," ya ce. "Ki ce ta nemo wanda zai kai su gida. Ni zan tsaya da su har ya zo."