Turaren Ango a Ƙauyen Fougère

A ƙauyen Fougère kusan komai sunan ciyawa ɗaya yake amsawa, wato fougère, mai faffaɗan ganyen nan da ta lulluɓe tsauni. Sunan gari ke nan, sunan rabin mutanensa ke nan, haka ma koren turaren da tsoho Mazé mai aski yake ɓoyewa a bayan madubi. Ita ciyawar ba ta da wani ƙamshi, yankanta ake yi da kaka a shimfiɗa wa shanu. Turaren kuwa ba na kowa da kowa ba ne. Mazé ba ya buɗe kwalbar sai ga ango, ko wanda zai je neman aure.

Ranar yankan ciyawa da hantsi Goulven Fougère ya tsinci ƙanensa Tudal kwance a gindin tsaunin. An rufa masa buhu a ka an ɗaure a wuya, an karairaya masa haƙarƙari, an sare shi da lauje a cinya. Goulven ya yage buhun da hannu.

"Tudal, dube ni! Wa ya yi maka haka?"

"Ban ga kowa ba, Yaya. Ta baya aka zo min. Turaren Mazé kawai na riƙa ji."

Daga nan bai sake magana ba. Goulven ya rungume gawar yana ruri, don shi ya reni yaron nan tun rasuwar iyayensu, kuma ba shi da kowa sai shi. Ƙamshin ma yana nan a jikin buhun, ya shaƙe shi da hancinsa.

To, Goulven mutum ne da hannunsa ke riga kansa aiki. Ango ɗaya ne a garin wannan makon, Ronan Kerbrat, kuma tun zamanin kakanni gidajen biyu ke rigima a kan iyakar yankan ciyawa. Me ya rage kuma? Ya saɓa laujensa ya gangara gari, jinin ƙanensa bai ko bushe a rigarsa ba.

Ya tarar da Ronan a kujerar aski, fuska duk kumfa.

"A'a, Bijimi, yau kai ne a nan?" in ji Ronan yana dariya ta cikin madubi. "Baba Mazé, wannan gemun ai sai almakashin tumaki."

Goulven ya fizgo shi ta gashi ya buga kansa da madubin, madubi ya tarwatse. Ronan ya ɗaga hannu zai kare, lauje ya tafi da yatsu biyu. Sara na biyu a wuya ya sauka. Masu jiran aski suka watse ta ƙofa da taga, kumfar fuskar Ronan ta koma ja, ƙafafunsa suka ɗan harba ƙasa sannan suka miƙe.

"Ya kashe min Tudal!" Goulven ya daka wa tsohon tsawa yana haki. "Turarenka ne ya tona shi. Yaron ya ji ƙamshin ta cikin buhu!"

Mazé ya jingina da bango.

"Kai, ɗan nan, ka cuci kanka. Tun fitowar rana Ronan ke zaune nan yana jiran layi, kuma ban shafa masa ba tukuna. Sunsuna shi ka ji."

Goulven ya durƙusa ya sunsuna. Sabulu ne da jini.

"To wa ka shafa wa?"

"Mutum ɗaya tak, shi na fara yi wa aski. Ƙanenka. Ƙanwar wannan da ka kashe zai je nema da rana, ya roƙe ni kada in gaya maka sai an ba shi. Wanda aka cusa kansa a buhu, ƙamshin wa zai ji in ba nasa ba?"

Lauje ya suɓuce daga hannun Goulven. A waje an fara kururuwa, 'yan gidan Kerbrat na tahowa. Bai ko juya ba. Ya kai hannun rigarsa hanci, daidai inda kan Tudal ya kwanta, ƙamshin yana nan.