Duwatsun Baba Ya'ƙub

"Nan ma," in ji Baba Ya'ƙub. Ya saki dutsen da ke hannunsa, ya dogara da sanda yana haki.

Khairat ta waiwaya. Ko taku ashirin ba su yi ba daga dutsen baya.

Filin nan na bayan gininsu a unguwar Hayyin Ashir, can ƙasar Larabawa, juji ne tun fil'azal, sai bana hukuma ta ce za ta mai da shi wurin shan iska, da hanyar ƙafa daga bakin titi zuwa masallaci. Aka kafa kwamitin mazauna don ba da shawara. Aka sa Khairat a madadin ɗaliban Najeriya, aka sa maƙwabcinta Baba Ya'ƙub, tsohon tela Bahaushen Sudan, don dai a ce an sa dattijo. Ashe sun jawo wa kansu aiki! Ranar da injiniya Isam ya baje zanensa, tsohon ya ga benci biyu kacal, ɗaya a kowane ƙarshe.

"Ya muhandis, da ƙafar wa ka auna?" ya ce. "Ba ni mako uku. Duk inda numfashina ya ƙare zan ajiye dutse, nan benci zai zauna."

Isam ya yi dariya, ya ce tamam.

Makon farko dutse huɗu suka kai shi masallaci. Na biyu, shida. Yau ga na bakwai, ko rabin hanya ba a yi ba. Khairat ta san ba hanyar ce ta ƙara tsawo ba.

"Baba, don Allah mu je asibiti."

"Sai bayan taron Alhamis, 'yata. In ban kai musu adadi ba, biyun nan za su kafa, khalas, shi ke nan. Hajja Hawwa shekararta uku ba ta taka masallaci ba, ciwon gwiwa, ba inda za ta huta. In ban yi wa matata wannan ba, me na yi mata?"

Bai kai Alhamis ɗin ba. Ranar Talata bayan azahar Hajja ta kawo masa shayi, ta tarar da shi a kujerarsa, kai a sunkuye, rai ya yi halinsa. Ɗalibai suka yi masa wanka, aka sallace shi bayan la'asar, mota ta tafi da shi maƙabarta. Khairat ta yi kuka sosai, har da na jin haushin kanta da ba ta matsa masa ba.

A wajen taro Isam ya yi ta'aziyya, sannan ya gyara murya.

"Ina ganin mu ɗauki huɗun makon farko. Awon ƙarshen nan na marar lafiya ne."

"To wa zai zauna a bencin, ɗan ƙwallo?" in ji Khairat.

Isam ya sosa ƙeya. Ba mugu ba ne, mutumin takarda ne kawai.

"Ma'alish, ki yi haƙuri. Amma awonsa a tsakiyar fili ya tsaya. Abin da ba a auna ba, ba zan zana ba. Ranar Lahadi zan miƙa zanen."

Washegari da hantsi Khairat ta shiga gaida Hajja, ta ba ta labari, ba don wani abu ba sai don ya cika mata ciki. Tsohuwar tana takaba, kwana uku ko ƙofa ba ta leƙa ba. Ta ja carbi, ta ja, sannan ta ajiye.

"Wannan ai lalura ce. Miƙo min mayafina."

"Hajja, gwiwarki fa?"

"Ai ita ake nema. Yalla, mu je."

Sai da suka yi kusan rabin awa kafin su kai dutse na bakwai. Hajja ta tsaya a kansa, ta dube shi. Ta ɗaga ƙafa ta wuce, Khairat na gefenta riƙe da ledar duwatsu. Taku goma sha ɗaya tsohuwar ta yi, ta tsaya tana mai da numfashi, ta miƙo tafin hannunta a ba ta dutse.