Ranar da Na Kife Allon Kyamara

Umma ta yarda a ɗauke ta hoto, amma da sharaɗi: ba a falo ba, inda fitila take tona asirin komai, kuma in ta ce ya isa, to ya isa. Ni da Baba muka amsa da baki ɗaya, kamar ɗaliban da aka yafe wa bulala.

Tun da ciwon nan ya same ta ya shanye mata ɓarin fuska na hagu, Umma ba ta ƙara tsayawa gaban madubi ba. Jiki ya warke, tafiya ta dawo, har faɗa ya dawo da ƙarfinsa, amma gefen bakinta ya ɗan rataya, idon wannan ɓarin kuma ba ya rufuwa daidai. In Yaya ya kira daga ƙasar da yake aiki, murya kawai take ba shi, ta ɗora yatsa a kan idon wayar. Sai ga shi matarsa ta haihu, ya dinga roƙon a aika masa hoton Umma da Baba tare, ya rataya inda jaririyar za ta tashi tana ganinsu. Baba ne ya yi ta lallashi, safe da yamma, har ta ce to. Ni kuwa autarsu, da nake koyon aiki a wani shagon hoto, na aro kyamarar maigidana, mai shagon. Na san Ummata. In ta tashi daga wurin zaman nan ranta a ɓace, ba mai sake zaunar da ita.

Shagon kafintancin Baba da ke bayan gida na zaɓa. Da hantsi, in aka wage ƙofarsa, haske yakan shigo a hankali kamar baƙo mai kunya, ya kwanta a kan garin katako, ya hau jikin zartunan da ke rataye a bango. Wurin ƙamshin sabon itace yake yi da na gam. Tun ina ƙarama na yi imani cewa duk wanda ya zauna cikin hasken nan sai ya yi kyau.

Baba ya share wani benci da ya gama jiya, ya sake sharewa, ya tsaya kusa da shi cikin farar rigarsa da ta sha guga.

“Amarya, bismilla,” in ji shi da ta shigo. Haka yake kiranta har yau, ga furfura ta cika musu kai su duka.

“Amarya da jika,” ta ce. “Matsa can, kafinta, kada ka shafa min ƙura.”

Ta zauna a karkace, ta ba ni ɓarin dama, ta ja shuɗin mayafinta ya rufe ɗaya kuncin. Na ɗaga kyamara na danna.

Kyamarar nan tana da allo a bayanta, mai buɗewa kamar murfin littafi, kuma maigidana ya saita ta yadda duk hoton da aka ɗauka zai bayyana a kai nan take. Na sauke ta na duba. Abin da na gani ya ɗaure min kai. Allon yana ta ƙyalli har yana kashe ido, domin jiya a tsakiyar rana maigidan ya yi aiki, ya ƙure haskensa bai mayar ba. Lambobi da layuka sun hau fuskokinsu. Ga rigar Baba tana walƙiya, baƙi, fari, baƙi, fari, wanda shi ne gargaɗin kyamara cewa farin ya ƙone, ba za a ga ko zare ɗaya a jikinsa ba. Na yi tsaki, na juya wani maɓalli, na sake ɗauka, na sake dubawa. Rigar ba ta daina ba. Shin hoton ne ya yi haske da yawa, ko allon ne yake yi min ƙarya? Na kusanto da shi fuskata, na tsuke ido, na girgiza kai. Na ɗauka, na duba. Na ɗauka, na duba.

“Ya isa.”

Na ɗago. Umma ta riga ta dafa gwiwa za ta miƙe.

“Umma, ai yanzu muka fara.”

“Na ce ya isa, Auta. Labarin zuciya a tambayi fuska. Duk ɗauka sai kin leƙa bayan abin nan kin yamutsa fuska kamar an ba ki maɗaci. Na san abin da kike gani a ciki. Ba sai kin wahalar da kanki ba, ba abin da injin nasara zai iya gyarawa.”

Ashe duk lokacin da nake faɗa da rigar Baba, ni ce madubin da take kallo. Ta guje wa na ɗakinta wata da watanni, ta zo ta zauna gaban fuskar ’yarta, ni kuwa na yi ta yi mata tsaki.

“Wallahi Umma ba ke ba ce. Rigar Baba ce. Zo ki gani, ga ta nan tana...”

“Ba na gani.” Ta kawar da kai.

Baba ya sunkuya ya dubi ƙirjinsa da mamaki. “Rigata? Rigar da na hana kaina shayi saboda ita? Me ta yi miki?”

“Fari ta yi da yawa, Baba.”

“Kin ji ko, Amarya? Duk gidan nan ni kaɗai ne farina ya fi ƙarfin kyamara.”

“Kai da kake kamar gindin tukunya,” ta ce, ba ta yi murmushi ba. Amma ba ta tafi ba. Tana tsaye, hannu ɗaya a kan bencin.

“Ki ɗan ara min haƙuri kaɗan, Umma,” na ce. “Ba ke zan ɗauka ba.”

Na shiga cikin saitin kyamarar. Na rage hasken allon har ya daidaita da na shagon. Na danna maɓallin da ke share lambobi da layuka, allon ya zama wayam. Na ce Baba ya miƙo hannun rigarsa cikin haske, na ɗauke shi shi kaɗai, na rage hasken da ke shiga kyamarar, na sake ɗauka, sai ga zaren ɗinkin ya fito ɗaya bayan ɗaya, walƙiyar ta tsaya. Daga nan na nemo wurin da ke sa hoto ya bayyana bayan kowace ɗauka, na kashe shi. Sannan na buɗe allon, na juya shi, na kife fuskarsa a jikin kyamarar har ya yi ƙas. Na nuna mata bayan: baƙar roba kawai.

“Kin gani? Yanzu ni ma ba na ganin komai.”

Ta dubi robar, ta dube ni. “To ta yaya za ki san ya yi?”

“Ta wannan ’yar tagar zan leƙo ku. Da ido, kamar yadda nake kallonki kullum.”

“Ki ɓata wa yayanki hoto, ki ce ni ce.”

“In ya ɓaci mu ce Baba ne.”

“Dama ni ne jakin gidan,” in ji Baba, ya ɗan bubbuga bencin. Umma ta daɗe tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi. Sannan ta zauna, Baba ma ya zauna kusa da ita.

Na manna idona a ’yar tagar da ke saman kyamarar. Duniya duka ta tsuke ta koma mutum biyu a kan benci, da ƙurar katako tana yawo cikin haske a bayansu kamar garin zinariya. Na danna, hannuna ya so ya sauke kyamarar don sabo, na hana shi. Sai na ga abin da na yi ta rasawa ɗazu: a tsakanin ɗauka da ɗauka ne suke zama kansu. Kafaɗar Umma takan sauko. Baba yakan saci kallonta ta wutsiyar ido, irin kallon da na zata a littattafai kaɗai ake yinsa.

“Auta,” ya ce, “na taɓa gaya miki labarin kujerar uwarki?”

“Kada ka fara,” in ji Umma.

“Kujerar gidansu ta kawo min, ƙafa ɗaya ta karye. Aikin da bai kai a sha ruwa a tashi ba. Na ce ta dawo gobe. Ta dawo, na ce gam bai bushe ba. Ta sake dawowa, na ce ƙusa ta ƙare a kasuwa. Da na ga dabara ta kusa ƙarewa, sai na karya ɗaya ƙafar da kaina.”

“Ƙarya kake, kafinta! Ba ka iya aikin ba ne. Babana har cewa ya yi a karɓo kujerar kafin ka mayar da ita itacen girki.”

“Ya karɓi kujera, na karɓi ’yarsa. Wa ya ci riba?”

Dariyar ta ƙwace mata ba shiri. Rabon da in ji ta haka tun kafin asibiti. Mayafin ya zame daga kuncinta, ta kai hannu da sauri za ta rufe baki, Baba ya tare hannun a hanya ya riƙe shi a kan gwiwarsa, yana ci gaba da surutunsa kamar bai san ya yi ba. Na danna. Na ƙara dannawa. Tagar ta dushe min, na gane hawayena ne, amma ban sauke kyamarar ba. Ban san ko hoton ya fita ba, kuma a karon farko tun da na fara aikin nan, rashin sanin bai dame ni ba.

“To, ya isa haka,” ta ce daga baya, tana share ido da bakin mayafi. Wannan karon muryar a sake take.

Na rataya kyamarar a wuya na fara tattara kaya. Na ƙudura ba zan buɗe allon ba sai na isa shago.

“Ke. Ina za ki da shi? Buɗe mu gani.”

Na dubi Baba. Ya ɗaga min gira. Na tsuguna a gabanta, na juyo da allon, na nemo hoton, na sa mata kyamarar a hannu. Ga su nan. Rigar Baba ta fito da kowane zarenta. Umma ta kai kanta baya tana dariya, rabin bakin ya tashi, rabin ya tsaya inda yake, hannunta cikin nasa.

Ta daɗe tana kallo. A waje wani mai keke ya wuce yana kaɗa ƙararrawa. Ta kai ɗan yatsa ta taɓa kuncinta na cikin allon.

“Haka nake dariya yanzu?”

“Haka, Umma.”

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ƙara kusanto da allon, ta tsuke ido, sai ta yi tsaki.

“Kafinta, dubi garin katako a gemunka. Haka za ka je wa jikarka?”

Baba ya shafa gemun da sauri. “A sake ɗauka ke nan?”

“Wa zai sake zama? Wannan za a aika, ta san irin kakan da Allah ya haɗa ta da shi.” Ta miƙo min kyamarar, ta miƙe tana kakkaɓe zaninta. Sai da ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

“Auta, guda biyu za ki wanko.”

“Biyu, Umma?”

“Ɗaya na jikata. Ɗayan kuma ba ruwanki.”